Muryar Baban Rifkatu da Labarin Baturensa

Gaisuwa ga duk wanda wannan rubutu ya iske, musamman matan da ke zaune da mazan da ba sa son zuwa asibiti. Sunana Saratu, amma a unguwarmu ta Highbridge da ke Bronx an fi sanina da Mama Fasto. Matan zumuntar cocinmu ne suka matsa mini in rubuta yadda jinyar maigidana, Fasto Ishaya, ta kasance, don a cewarsu kullum guntu-guntu nake ba su labarin a bakin tukunya. To ga shi a dunƙule. Yana nan da ransa, mun gode Allah, yanzu haka ma yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Muryarsa ce dai babu, kuma ba za ta dawo ba.

Wanda bai san muryar Baban Rifkatu ba, kamar yadda nake kiran maigidana, zai yi wuya ya gane abin da muka rasa. A kamfanin saƙa ya fara aiki a Kaduna tun yana saurayi, a ɗakin da injuna ke ruri, inda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A can ya koyi magana da ƙarfi, a can kuma ya koyi shan taba, wadda ya bari tun kafin mu yi aure. Ranar da na fara jinsa yana jan waƙa a majami'armu ban ga fuskarsa ba, don ina bayan ginshiƙi. Na ce wa ƙawata ta leƙa ta gaya mini ko mai muryar nan yana da kyau. Ta leƙa, ta ce, "Da sauƙi dai." Na ce ya isa.

Da kamfani ya fara rage ma'aikata sai ya shiga makarantar Baibul. A ɗakin karatunsu ya tsinci wani tsohon littafin Turanci da gara ta ci gefensa, mai ɗauke da tarihin wani fasto da ya rayu a Ingila a ƙarni na goma sha takwas. Sunan mutumin ya fi ƙarfin harshena, don haka a gidanmu Baturen Baba muke ce masa. Abin da ya fara jan hankalin maigidana shi ne, mutumin ma daga cikin masu saƙa ya fito, ɗan mai saƙa ne. A zamaninsa akwai cocin gwamnati, wanda sarki ne shugabansa, kuma duk wanda ya ƙi bin tsarin wannan coci ba ya samun digiri a manyan jami'o'in ƙasar, ba ya samun muƙamin gwamnati. Iyayen yaron suna cikin masu ƙin bi. Wani attajiri ya ga ƙwazonsa, ya ce zai ɗauki nauyin karatunsa har jami'a, muddin zai sa hannu ya koma cocin gwamnati. Yaron ya yi godiya, ya ce a'a. Sai ya tafi wata 'yar makaranta da wani tsohon fasto ke koyarwa a cikin gidansa, ɗalibai suna kwana a sama suna karatu a ƙasa. Da ya gama, wasu masu saƙa da masu ɗinkin takalma a wani ƙaramin gari suka kira shi ya zama fastonsu, a wani tsohon sito da suka gyara suka sa wa benci. A garin ya zauna har ƙarshen ransa.

Ni da farko labarin daɗi yake mini, har ranar da ya shigo mini gida. Wani babban coci ne ya kawo mu New York, don maigida ya riƙe musu sujadar Hausa. Bayan 'yan shekaru shugaban ya fito da sayar da man shafawa da hankici na albarka, aka kuma kawo takarda kowane fasto ya sa hannu cewa zai riƙa tallarsu daga kan mumbari. Rannan da tsakar rana sai ga Baban Rifkatu da kwalin littattafansa a kafaɗa. Na tambaye shi ko Baturensa ne zai riƙa biya mana haya. Ya ce, "Maman Rifkatu, kawo mini ruwa tukuna."

Daga nan ya koma tuƙa motar kai tsofaffi asibiti, ni kuma ina aikin kula da marasa lafiya a gidajensu. Ranar Lahadi sai mu tura kujeru jikin bango, falonmu da ke hawa na huɗu ya zama majami'a. Mutanen Jos, na Kafanchan, na Gombe, da wasu iyalai daga Maraɗi da Kumasi, kowa ya haye tudun unguwarmu yana haki, a cire takalma a jera a baranda. Yara su amsa addu'a da Turanci, manya su harare su. Bayan sujada a ci shinkafa da wake a tsaye don babu wurin zama. Idan na tuna waɗannan shekaru, ƙamshin manja da ɗumin hita mai ɗumama ɗaki da muryarsa tana karkaɗa gilashin taga nake tunawa. A ƙasan benenmu akwai shagon Alhaji Mamane, mutumin Zinder, mai sayar da gero da daddawa da katin waya. Ya taɓa hawowa don ya yi ƙorafin hayaniya, sai suka ɓige da gardamar addini shi da maigida, gardamar da suka shafe shekaru suna yi kan shayi ba wanda ya ka da wani.

Ciwon ya faro ne a ƙarshen zafi, lokacin da ganyayen itatuwa suka fara ja. Wata Lahadi muryarsa ta dishe ana tsakiyar wa'azi. Muka ce mura ce. Na dafa masa citta da kanumfari da lemon tsami, na zuba zuma. Alhaji ya aiko da namijin goro. Mako ya zagayo, murya ba ta washe ba, amma babu zazzaɓi, babu tari mai yawa, yana cin abinci, yana fita aiki. A nan ne na yi sake, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Ni da nake kwana ina tashi cikin marasa lafiya, da wani tsohon da nake kula da shi ne ya yi wata guda da dishewar murya, da tuni na kira nas. Amma da yake mijina ne, kuma mai wa'azi, sai na ce gajiyar magana ce.

Sai da ya shiga wata na biyu sannan ya yarda muka je ƙaramin asibitin unguwa. Muka yi zaman jira tun safe har azahar, likita ya gan mu a tsaitsaye. Bai ko leƙa maƙogwaron da kyau ba, idonsa na kan kwamfuta. Ya ce ƙwannafi ne ke ƙona wurin, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage yaji da cin abinci dab da kwanciya. Har yau idan na wuce ƙofar asibitin nan sai raina ya sosu. Na yafe, amma ban manta ba. Muka sha ƙwayoyi har suka ƙare. Kafin Kirsimeti sai ga ciwon kunne ta gefe ɗaya, haɗiya ta fara yi masa wuya, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Idan ya hau matakala, numfashinsa sai ya riƙa fita da ɗan fito.

'Yarmu Rifkatu ce ta karɓi ragamar. Ita a nan ta girma, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma ta san yadda ake magana da mutanen inshora. Ta yi ta kiran waya a lokacin hutun aikinta, a ajiye ta a layi da kiɗa, a ce sai an sami amincewar inshora, a ce likitan maƙogwaro ba shi da wuri sai bayan sabuwar shekara. Ba ta gaji ba har aka ba mu rana a babban asibiti. Likitar wata gajeriyar mace ce mai tabarau, mai sanyin hannu. Ta zura wata siririyar roba mai kyamara ta hancinsa, muna kallo a talabijin. Ni ban san me nake gani ba, amma na ga ta daina hira. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka ɗauki hotuna, muka koma jin sakamako.

Ta ce kansa ce, ciwon dajin maƙogwaro. Ta ce da a farkon dishewar aka zo, da gasa wurin da hasken na'ura kaɗai zai iya wadatarwa. Yanzu ya ci wuri, sai an cire abin da ta kira akwatin murya gaba ɗaya, a huda masa ƙofa a gindin wuya da zai riƙa numfashi ta nan har abada. Kalmar nan, akwatin murya, ta zauna mini a kai. Duk tsawon aurenmu ban taɓa sanin cewa muryar nan a cikin wani ɗan abu take da za a iya ɗauke shi a ajiye gefe ba.

Ya tambaye ta, "Idan ban yarda ba fa?"

Ta ce, "To zai ci gaba da girma har ya toshe hanyar iska."

Ya yi mata godiya, ya sa hularsa, muka fito.

Labari ya bazu, shawarwari suka yi ta zuwa. Yayarsa Talatu ta kira daga Zariya tana kuka, ta ce wannan jifa ce daga mutanen cocin da ya bari, kada mu yarda a sa masa wuƙa, za ta aiko da sassaƙe ta hannun mai zuwa. Wata 'yar zumuntarmu ta ce akwai wani mai annabci a Brooklyn da ke narkar da ƙari da addu'ar kwana bakwai. Maigida ya ce ba ya son sassaƙe, ba ya son mai annabci, amma tiyatar ma ba zai yi ba. Ya ce Allah ya kira shi da murya, da ita zai koma. Ya ce Baturensa ya yi wa'azi ranar Lahadi ya mutu a cikin makon, a bakin aikinsa, kuma shi ma abin da yake roƙo ke nan. Rifkatu ta yi kuka, ta yi faɗa da Turanci, ta daina zuwa cin abinci. Dattawan ikilisiya suka zo suka zauna suka tashi. Alhaji Mamane ya ce masa, "Malam Ishaya, neman magani ba rashin tawakkali ba ne, ko a wurinku ko a wurinmu." Ya ce ya ji. Makonni suna wucewa, fiton numfashin yana ƙaruwa.

Wata Lahadi da yamma, mutane sun watse, ina wanke tukwane, ya shigo kicin neman ruwan ɗumi. Ya sake ɗauko zancen yadda Baturensa ya cika da kyau. Na ajiye soso, na juyo.

Na ce, "Baban Rifkatu, mutumin nan yana da mata?"

Ya ce, "Yana da ita mana."

"Shekara da shekaru ina jin labarinsa, ban taɓa jin nata ba. Da ya mutu a bakin aikin nasa, ita ina ta nufa?"

Ya tsaya da kofi a hannu. Shi mutum ne da ba ya ƙarya, ko da gaskiyar za ta kayar da shi. A hankali, da 'yar muryar da ta rage, ya ce ita ce ke dafa wa ɗaliban da ke kwana a gidansu, ita ce ta haifi 'ya'ya da yawa ta binne mafi yawansu a bayan majami'a. Gidan da suke ciki na ikilisiya ne, don haka da mijin ya mutu, sabon fasto yana tafe da iyalinsa, sai ta tattara kayanta ta koma wurin wani ɗan'uwanta a wani gari. Daga nan littafin bai sake ambatonta ba.

Na ce, "Yaya sunanta?"

Ya ce, "Ba a rubuta ba. Matarsa kawai aka ce."

Na ce, "To ni sunana Saratu, kuma ina nan tsaye a gabanka."

Ya ajiye kofin bai sha ba, ya koma ɗaki. Washegari da safe kafin ya fita aiki na ji yana ce wa Rifkatu a waya ta kira likita.

Ranar tiyatar da aka sa ta bar mana Lahadi uku. Ya ce wa ikilisiya ba zai yi wa'azi irin na kullum ba, zai ba su labarin Baturensa daga farko har ƙarshe, don kada ya tafi da shi a ciki. Falon ya cika har kicin. Sai an kashe hita don ƙararta, kowa ya yi tsit, sannan ake jinsa. Ya faɗi yadda albashin mutumin bai taɓa isarsa ba, har wasu da itacen wuta da cuku suke biyan baikon coci, shi ya sa ya buɗe makaranta yana koya wa 'ya'yan talakawa karatu da lissafi. Ya faɗi yadda wata babbar ikilisiya a Landan ta aiko masa da kira, har an fara ɗaure kaya, sai ya ga tsofaffin masu saƙa sun taru a ƙofa ba sa cewa komai, ya sa aka kwance kayan. Ya faɗi shekarar da 'yan tarzoma suka farfasa tagogin majami'arsu don suna ganin masu ƙin bin cocin gwamnati maƙiyan sarki ne, da yadda bayan 'yan watanni agana ta shigo garin, ya riƙa shiga gida-gida yana zama da marasa lafiya, har gidajen waɗanda suka yi jifan. Da ya zo kan rigimar da ta kusa raba ikilisiyar, wasu suna cewa Zabura kaɗai za a rera, wasu suna son sababbin waƙoƙi, sai mutanenmu suka fashe da dariya, don mu ma mun yi irinta a kan ganga. Baturen ya mai da sabuwar waƙa ƙarshen sujada, wanda ba ya so ya fita salin-alin, kuma a hankali masu fitar suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa suna saurare.

A Lahadi ta ƙarshe ya ba da labarin matar, ɗan abin da ya sani. Ya ce ya yi shekaru yana karanta shafin nan bai taɓa ganinta ba sai da aka nuna masa. Bai dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Ya ja waƙar rufewa, muryar ta karye a baiti na biyu, ikilisiya ta ɗauka ta ƙarasa. Rifkatu ta ɗauki duka a wayarta. Har yau ban iya saurare ba.

Mutane suna tambayata abin da ya faɗa mini na ƙarshe da muryarsa. Suna sa ran wata babbar magana. Ana tura shi a gado zuwa ɗakin tiyata, ya riƙo hannuna ya ce, "Maman Rifkatu, a gusar da motar nan gobe, masu sharar titi za su zo." Shi ke nan.

Aikin ya yi kyau, likita ta ce sun kwashe duka. Amma ganinsa na farko ya girgiza ni: wuya a kumbure, ɗinki daga kunne zuwa kunne, roba a hanci ta abinci, ga ƙofar nan a gindin wuya tana shaƙar iska. Ya buɗe baki zai yi magana, leɓe ya motsa, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa. Sai hawaye. Ko kukan ma babu sauti.

Nas-nas ɗin sashen, Allah ya saka musu. Wata 'yar Jamaika ta zauna da ni ta koya mini yadda ake zuƙe majina daga ƙofar da inji, yadda ake wanke 'yar robar da ke ciki, yadda ake rufe wurin da ƙyalle mai laima. Amma sallamar da aka yi mana ta yi gaggawa. Aka turo mu gida injin zuƙar bai iso ba, sai da Rifkatu ta tayar da hankalin kamfanin sannan aka kawo. Ga sanyin hunturu, ga hita tana busar da iska, majina ta daskare ta toshe ƙofar, ya riƙa dukan gado da hannu ido waje har in cire. Na koyi ajiye tukunyar ruwa tana tururi a ɗaki. Wanka ya zama abin tsoro, don ruwa kaɗan ya shiga ƙofar sai huhu. Ba wanda ya gaya mana cewa zai daina jin ƙamshi, ko cewa ba zai iya hura koko mai zafi ba. Ranar da na ga ya ɗaga cokali yana hurawa, iska tana fita ta wuya, cokalin na nan da tururinsa, na shiga banɗaki na yi kukana.

Da ɗinki ya warke sai aka shiga gashin na'ura, kusan kullum ban da ƙarshen mako, har fiye da wata guda. Fatar wuyansa ta ƙone ta yi baƙi, bakinsa ya bushe, abinci ya koma masa kamar takarda. Na ajiye aiki, shi ma babu aiki, ga takardun asibiti suna ta shigowa, wasu inshora ta ɗauka, wasu ta ce ba ruwanta. Lifta ta lalace a tsakiyar wannan hali, muna hawa bene yana hutawa a kowane hawa. Matan zumunta suka raba kwanaki suna kawo kunu da miyar kuɓewa mai laushi. Direbobin tasi na masallacin su Alhaji suka riƙa kai mu asibiti bi da bi, ko sau ɗaya ba wanda ya karɓi ko kwabo.

Jikin ya fi zuciyar saurin warkewa. Ranar Lahadi ba ya fitowa falo. Dattijo Luka, wani direban bas mai haƙuri, shi ya karɓi wa'azi. Yana ƙoƙari, amma mutane sun saba da wata murya, sai aka fara raguwa. Wasu da muka yi wa suna da aure suka koma manyan coci ba ko sallama. Wannan ya yi mini ciwo fiye da takardun asibiti. Maigida yana kwance yana jin waƙa ta bango, fuskarsa a jikin garu. Mun saya masa ɗan farin allo da alƙalami, amma abin da yake rubutawa bai wuce "ruwa" da "bari" ba.

Alhaji Mamane ne ya fasa wannan shirun. Kullum bayan la'asar sai ya bar yaronsa a shago ya hawo da butar shayi, ya zauna ya yi ta zuba shi kaɗai. Rannan ya kurɓi shayi ya ce, "Malam Ishaya, ka ga ikon Allah. Shekara nawa muna gardama, yau ga shi na yi magana ka kasa ba ni amsa. To na ci ke nan, a rubuta." Na ce a raina yau zumunci ya ƙare. Sai na ga maigida ya yunƙura ya zauna, ya fizgi allo, ya shiga rubutu da sauri har alƙalami na ƙara. Ya cika allon, ya goge da hannun riga, ya sake cikawa. Alhaji ya ce shi bokonsa na Faransanci ne, sai in zo in karanta masa. Haka na zama tafinta tsakaninsu har magariba ta kira shi. A daren maigida ya ci abinci ya nemi ƙari.

Bayan haka ya yarda da na'urar magana da ya daɗe yana turewa. Wani ɗan abu ne kamar tocila, a manna a gefen wuya, ya yi zuuu, leɓe da harshe su mai da shi kalmomi. Sautin kamar na rediyon da ya lalace, babu hawa babu sauka, kuma Hausa ba ta son haka, don sai kalma ta rikiɗe ta zama wata. Yaran ikilisiya suka yi ta dariya, shi ma ya taya su, kafaɗu na rawa babu sauti. Bai koma wa'azi ba. Yana zama a gefe, Dattijo Luka ya yi, shi kuma ya sa albarka a ƙarshe. Sauran kwanaki yana yawon gaida marasa lafiya, don ya ce yanzu ya iya zama a gefen gado ba tare da ya cika wa mutum kunne ba.

Abin da zan roƙi mai karatu shi ne: murya idan ta dishe ta wuce 'yan makonni ba ta washe ba, a daina dafa citta, a nemi likitan maƙogwaro, a ce a leƙa da kyamara. Idan likitan farko ya sallame ku da ƙwayoyi kuma babu sauƙi, ku koma, ku dage, kada kunya ta hana ku. Ko mutum ya bar taba tun yana saurayi, a faɗa wa likita. Allah ya saka wa duk wanda ya hau benenmu da kwano a hannu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya.

Abu ɗaya ya rage. A bazarar da ta wuce likitarmu ta kira, ta ce tana da wani majiyyaci mai jin Hausa, irin ciwon ɗaya, ya ƙi yarda da aiki, ko Fasto zai zo ya gan shi. Muka je. Malam Hassan ne, mai tallar huluna da gyale a unguwar Tremont, matarsa Fati tana zaune a gefe ta rafka tagumi. Maigida ya zare ƙyallen wuyansa ya nuna masa ƙofar, bai ɓoye komai ba. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da dishasshiyar murya, "Malam, ana iya cin tuwo?"

Maigida ya manna na'ura ya ce, "Har da ƙari."

Malam Hassan ya yi dariya har da tari. Daga dariyar nan na san zai yarda da aikin. Muka bar su, ni da Fati muka fita baranda. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya. Me zan shirya?"

Na buɗe baki zan fara lissafa mata inji da tururi da ƙyalle, sai na ga duk wannan nas za ta koya mata. Na ce, "Ƙanwata, kafin ranar aikin, ki bar shi ya yi ta magana. Ko faɗa yake yi, kada ki katse shi."

Da muka koma ciki, yana ganinta ya hau mita, wai ta manta cajar wayarsa a gida, kuma ya gaya mata tun safe, kullum sai ya maimaita abu sau nawa. Ta buɗe baki za ta rama, sai ta dube ni. Ta ja kujera kusa da gadon, ta zauna, ta ce, "Ina jinka, Malam. Ci gaba."